HP M111w ko Epson L3250 a kan Linux Mint? Ɗauki ta farkon

Malam, ka tambaya wace firinta za ka saya, HP M111w ta leza ko Epson L3250 ta tawada. Ɗauki M111w ɗin. Tunda Linux Mint ce a laftof ɗinka ba Windows ba, kuma takardun makarantar yara da na ofis za ka riƙa bugawa, tsakaninta da Epson L3250 da mai shago yake ta cusa maka ba sai an yi dogon zama ba. Abu ɗaya dai, ka dubi harafin da ke ƙarshen sunan da idonka, ya zama "w" ne, ba "a" ba. Kamanninsu ɗaya, kwalinsu kusan ɗaya, amma mai "a" ba ta da Wi-Fi, kuma ga mai Linux wannan harafin shi ne rabin cinikin.

Irinta ce a ɗakina. Ranar da na kawo ta, bayan isha'i, na riga na ɗaura ɗamarar kwana a gaban Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Har shayi na haɗa na ajiye a gefe. Na ɓare ledojin, na jona ta a wuta, na haɗa ta da MiFi ɗin gida ta manhajar HP Smart a wayata, wanda shi kaɗai ne aikin da waya ta yi a harkar. Ina buɗe laftof, kafin ma in nemo inda ake ƙara firinta, sai ga sunanta zaune a jerin kamar mun shekara tare. Babbar 'yata tana tsaye a kaina da takardar JAMB da take son a buga mata, tana cewa, "Baba, in abin zai daɗe gobe na je shagon kwamfuta." Na danna bugawa, firintar ta yi ɗan gurnani, takarda ta fito da ɗuminta. Shayin ko hucewa bai yi ba. Daga ranar ban saka mata manhajar direba ko ɗaya ba, na kuma sabunta Mint ban sake bi ta kanta ba.

Ba sa'a ba ce, akwai dalili. Abin da ke kula da bugu a Linux shi ne CUPS, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ya saye shi a 2007, yanzu kuma masu OpenPrinting ne ke riƙe da wanda muke amfani da shi. A da, kowace firinta sai an nemo mata direbanta, mai fassara takarda zuwa yaren da ita kaɗai take ji. Wayoyin hannu ne suka karya wannan al'ada. Ba wanda zai zauna yana saka direba a iPhone, don haka Apple ya fito da AirPrint a 2010, ɓangaren Android aka samu Mopria, sannan ga IPP Everywhere. Dukkansu a kan wata ƙa'idar tura bugu mai suna IPP suke, inda firintar da kanta take sanar da kanta a kan Wi-Fi: ga sunana, ga girman takardar da nake ɗauka, ga irin fayil ɗin da za a turo mini. Mu 'yan Linux sai muka ci albarkacin masu waya. Ubuntu ya fara wannan bugu marar direba tun 17.04, Mint 21 da ya fito a 2022 kuma da shi ya zo a kunne. Saboda haka tambayar da za ka yi a shago ba "tana aiki da Linux?" ba ce, don yaron shago zai ce maka e ko da bai taɓa jin sunan ba. Ka juya kwalin ka nemo tambarin AirPrint ko Mopria. In yana nan, kun gama. Kada kuma ka ɗauka duk firinta mai Wi-Fi tana da shi, akwai waɗanda Wi-Fi ɗinsu manhajar kamfaninsu kawai yake saurare.

Abin da ya sa na ce maciji ya sare ni: shekarun baya na sayi wata 'yar firinta ta tawada, mai katirij biyu, baƙi da kala. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Araha ce ta ja ni, na manta araha ba ta ado. Kwana uku na yi ina neman direbanta, da na samo shi kuma ya zama na tsofaffin kwamfutoci masu 32-bit, sai da na jajibo wasu tarkace kafin ya yarda ya shiga. Ta yi bugu kamar wata biyu. Muka tafi hutu, muka dawo a tsakiyar hunturu, tawadar ta bushe a bakin katirij, shafi yana fitowa layi-layi kamar tabarma. Da na je tambayar sababbin katirij biyun, kuɗinsu ya kusa kamo na firintar kanta. Tana can saman wadirof, yara sun mayar da kwalinta ma'ajiyar takalma.

Epson ɗin kuwa, ba zan ce ba ta aiki ba. Tana yi. Kamfanin yana da direban Linux mai suna ESC/P-R, yana ma cikin rumbun manhajojin Mint da sunan printer-driver-escpr, sai dai in na rumbun ya girmi firintar dole ka je shafinsu ka ɗauko sabo. Sikanar kuma da tata manhajar daban, Epson Scan 2. Tana buga kala, kwalbar baƙar tawadarta mai lamba 103 kamfanin ya ce tana kai shafi 4,500, wanda gaskiya tona, wato garin da firintar leza irin M111w ke bugu da shi, ba ta kama ƙafarta a nan. Amma tawada tawada ce. Tana son a riƙa motsa ta duk mako, in an bar ta cikin zafi da ƙura kan bugun ya toshe, wankin kan kuma tawadar yake sha. Mai shagon hoto ko mai buga katin biki kullum, ita ce tasa. Gidan da ake buga shafi goma yau, a yi sati uku ba a waiwaye ta ba, tona ce daidai da shi, don gari ce, ba ta bushewa.

Wuri ɗaya da zan sara wa Epson shi ne wuta, kuma wannan ka auna shi da kyau kafin ka fita daga gida. Firintar leza tana narkar da garin tona ne a jikin takarda da zafi, shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Wannan hitar tana jan wat ɗaruruwa, musamman lokacin da ta fara ɗaukar zafi, alhali ta tawada ba ta wuce cin ƙwan fitila ɗaya ba. Ni a inbatar gidana, in ta tashi bugu sai fanka ta ɗan yi sanyin jiki na daƙiƙa biyu, ta dawo. In solarka 'yar ƙarama ce ta cajin waya da fitilu, ko janaretonka ɗan ƙaramin nan ne, kuma NEPA sai an ga dama, to a nan kaɗai zan ce ka sake tunani. Kada kuma ka jona leza a ƙaramar UPS ta kwamfuta, ba aikinta ba ne.

Ita ma M111w ba waliyyiya ba ce. Baƙi kawai take bugawa, ba ta da sikana, ba ta juya takarda da kanta. Tonarta 150A shafi 975 ne a lissafin kamfanin, lissafin kuma da shafi mai ɗan rubutu ake yinsa, ba satifiket mai baƙin zane a gefe ba. Wadda ke zuwa cikin kwali ma ba cikakkiya ba ce, ta somin-taɓi ce. Katirij ɗin yana da ɗan cip, kuma HP da kansu sun rubuta cewa firintar na iya ƙin katirij mai cip ɗin da ba nasu ba. Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai cika tona na unguwarku ko yana harka da 150A, da nawa yake yi. Amsarsa ta fi ta mai sayar da firintar amfani.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. In ka ce M111w, akwai yiwuwar a ce ta ƙare, "amma ga 107a, duk HP ce, Alhaji." Sunan HP ne a jiki, amma cikinta na Samsung ne, don HP ya sayi sashen firintocin Samsung a 2017. HPLIP, wato manhajar HP ta Linux da mutane suka dogara da ita, ba ta ɗauke ta ba, wani direba daban za ka sauko da shi ka saka da hannu. Ana yi, amma me ya kai ka? In aka nuna maka Canon LBP2900, jaruma ce a shagunan kwamfuta masu Windows, sai dai yarenta CAPT ne, kuma sunanta ya daɗe da fita wajen wahalar da masu Linux. Su LaserJet 1020 da P1102, masu tona 12A da 85A da ake samu a kowane lungu, suna aiki, amma in ta HPLIP za ka bi sai ka ƙara musu wani ɗan ƙari da umarnin hp-plugin, wanda sai da intanet. Ita 1020 ma duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta ɗura mata manhajar cikinta kafin ta san kanta. Sannan duk HP da sunanta ya ƙare da "e", irin su M110we, ta tsarin HP+ ce: tana son asusun HP, tana son intanet a kai a kai, tonar kamfanin kawai take karɓa. Da irin datarmu, ka bar musu kayansu.

In ka kawo ta gida ba ta fito da kanta ba, kada ka yi saurin sauko da direbobi. Fara duba ko laftof da firintar a kan Wi-Fi ɗaya suke, don sau da yawa laftof tana kan hotspot ɗin waya, firintar tana kan MiFi, kowa yana jiran kowa. Ƙananan firintoci da yawa zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kawai suke ji, in rautarka tana kan 5 GHz kaɗai ba za su gan ta ba. Ka buɗe Terminal ka rubuta lpstat -e, zai jero firintocin da kwamfutar take gani. Ko ka buɗe burauza ka rubuta localhost:631, shafin CUPS ne, ba ya cin data, daga nan kana iya tura shafin gwaji. In da wayar USB kake son aiki, akwai wata 'yar manhaja ipp-usb da ke sa firintar USB ta zama kamar tana kan Wi-Fi, in dai firintar ta iya wannan yaren. Ga abin da ke rikita mutane game da ita: tana riƙe bakin USB ɗin ne ita kaɗai. In ka zo ka saka direban kamfani a kai, sai ka ga firinta biyu a jeri, ɗaya tana bugu, ɗaya tana karɓar aiki ta yi shiru. Mutum ya kwana yana zagin Linux, alhali mahaya biyu ya ɗora wa doki ɗaya. Zaɓi ɗaya: ko ka bar marar direban, ko ka cire ipp-usb ka bi na kamfani. A kan M111w, bar marar direban.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don na ga an yi wa mutane. Akwai masu goge tsohuwar firinta, su sa ta a kwali mai kyau, su manne da salatif su ce sabuwa ce dal. Akwai masu zare tonar da ta zo da ita su sa wadda aka cika. A buɗe kwalin a gabanka, a jona, a buga shafin bayanan firintar, adadin shafukan da ta taɓa bugawa yana jiki. Sabuwa ba za ta nuna dubbai ba. Ka gwada lambar da ke bayan firintar da ta jikin kwali da wadda za a rubuta maka a rasit, su zo ɗaya. Mafi muni ita ce ta gwanjo da aka kwaso daga Amurka. Cajar laftof tana karɓar wuta mai volt 110 da mai 220 duka, shi ya sa mutane ke zaton firinta ma haka take. Leza ba haka take ba, yawancinsu wuta ɗaya aka yi su da ita. Ka jona mai 110 a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri, mai shago kuma ya ce wutar gidanku ce. Juya bayanta ka karanta takardar da ke manne, ka ga 220 zuwa 240 da idonka.

Kuma ka tafi da laftof ɗinka shagon, kada ka yi cinikin biri a sama. Kunna hotspot, a haɗa firintar, ka buga shafi ɗaya daga Mint ɗinka kafin kuɗi su bar aljihunka. In yaron shago ya fara cewa ai sai an sa maka Windows tukuna, ko ya zaro wani faifai yana neman inda zai zura, ka ce masa ya bari, ba a buƙata. In suka ƙi a gwada, shago na gaba yana nan.

In sikana ta zame maka dole, ƙara kuɗi ka ɗauki M141w, 'yar gida ɗaya ce da M111w, tonarsu ma ɗaya, sai dai ita tana da gilashin sikana a sama, kuma Document Scanner da ke cikin Mint ne zai ja ta. Can ma a shagon ka ɗora katin shaidarka ka gwada sikanar, ba bugu kaɗai ba. In kuwa sau biyu a shekara kake sikanin, kamarar wayarka ta isa. Ka haɗo da rim ɗaya na A4 da ka adana cikin ledarsa saboda damina, don takarda mai danshi nannaɗewa take a cikin leza, sannan ka roƙi uwargida tsohon ɗankwali na rufe ta kafin hunturu ya shigo.