Siririn zaren auduga da kwarashi mai milimita 4: mayafin da na saƙa wa Inna

Shekara da shekaru da zaren ulu nake saƙa, irin wanda ake yi wa jarirai hula da safa. Bara na saƙa wa Inna mayafin kafaɗa da shi, ta yafa sau biyu ta ninke ta ajiye a ƙasan akwati. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ke 'yar nan, abin naki gumi yake sa ni, ko da asuba ne." Gaskiya ta faɗa. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne na masana'anta, ba ya shan gumi. Mu kuwa a ƙauyenmu na gefen Ɗambatta sanyin kirki Disamba da Janairu ne, daga nan rana ta karɓi gari.

Na duba kasuwar Lahadi ban samu siririn zaren auduga ba, sai na ba Yaya saƙo da zai shiga Kano. Ya kawo mini dunƙule 2, kowanne giram 50, launin shuɗi, da kwarashi mai mariƙin roba.

Kafin na fara sai da na gwada shi. Na yanki guntu na kara a wuta: ya ci da sauri, da wari irin na takarda, tokarsa ta murje a yatsa. Auduga ce. Da na roba ne da ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri. Duk mai sayen zare ta riƙe wannan gwajin, domin takardar jikin zare ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa siririn zare da kwarashin da ya ɗan fi ƙarfinsa. Kwarashi mai kaurin milimita 4 ya yi wa zaren yawa in hula za a yi, amma ga mayafi daidai ne. Na yi saƙar raga, sarƙa biyar-biyar ina kamawa, ƙofofin suka buɗe, iska na ratsawa, mayafin ya kwanta a kafaɗa luf. Mariƙin roban nan kuwa ya taimaki yatsuna ƙwarai, domin auduga ba ta miƙewa kamar ulu, hannu ne ke shan wahalar. Dare 12 na yi ina saƙa bayan isha'i da fitilar sola.

Zaren yana da aibi biyu. Murɗin zaren bai yi ƙarfi ba, bakin kwarashi kan shiga tsakiyarsa ya raba shi, musamman in haske ya yi ƙasa. Sai an warware a sake. Na biyun ya fi yi mini ciwo. Dunƙule biyun ba su kai ba, na sake aikawa aka sayo na uku, mai shagon ya rantse wa Yaya iri ɗaya ne. Da dare ban ga komai ba, da gari ya waye sai ga gefe guda ya fi duhu. Rini ne daban, ko da sunan launin ɗaya ne. Akwai lambar rini a jikin takardar, a duba ta, a kuma sayi abin da zai isa a lokaci guda. Ni dai warware wajen na yi, na mayar da mai duhun ya zama baki da geza a gefe biyu.

Wankin farko ya ɗan zuba, don haka shi kaɗai na wanke a ruwan sanyi. Ban matse ba, ban rataya a igiya ba, domin jiƙaƙƙiyar auduga nauyi gare ta, sai ta ja mayafin ya yi tsawo. A tabarma na shimfiɗa shi a inuwa.

Yanzu Inna da shi take fita ɗebo ruwan alwala da asuba, da shi ta je suna makon jiya. Matar kawuna ta gani ta ce ita ma kore take so, na ce ta bari Yaya ya shiga birni, dunƙule 3 zai sayo a tashi ɗaya.