Zaɓen iyayen tarwaɗa: da sikeli da ido, ko da gwajin ƙwayoyin gado?

Wani ɗan'uwa cikinmu mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a wajen Rigachikun ya kawo tambaya. Shekara huɗu ke nan yana ware kifin da suka fi girma yana mayar da su iyaye, amma 'ya'yan sai baya suke yi. Ya ji cewa a ƙasashen waje da gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado, ake zaɓen iyaye. Shin ya nemi inda zai yi gwajin, ko ya ci gaba da yadda ya saba?

Malam, bari mu jera hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, sai ka ga inda kowacce ta fi ƙarfi.

Hanyar sikeli ita ce wadda makiyayi ke bi in zai zaɓi bijimi: ka duba jikin dabba, ka auna, ka ɗauki mafi kyau. Tana aiki a kan girma, domin a yawancin kifin kiwo kusan kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin kifi da kifi gado ne, sauran kuwa abinci ne da ruwa da cunkoso. A misali, matsakaicin nauyin kifinka a wata shida giram 800 ne, ka zaɓi masu giram 1,100. Tazarar giram 300 ce. In rabon gado kashi 30 ne, abin da 'ya'ya za su ƙaru da shi kimanin giram 90 ne, ba 300 ba. Kamar kaɗan ne, amma yana taruwa, kowane zubi a kan na baya.

Hanyar gwaji kuma ba jikin kifin take kallo ba. Ana sa wa kowane kifi 'yar lamba ta lantarki a jiki, a yanki gefen fiffikensa kamar girman ƙwayar shinkafa, a saka a kwalba mai etanol mai ƙarfin kashi 95, a kai ɗakin gwaji. Can ake karanta dubban alamomi a DNA ɗinsa. Sai dai alamomin nan su kaɗai ba sa cewa komai. Dole a fara samun wasu kifaye na dangin, yawanci dubu ko fiye, waɗanda aka auna su, ko aka yanka aka ga tsokarsu, ko aka sa musu cuta da gangan aka ga wanda ya rayu, kuma su ma an karanta DNA ɗinsu. Da wannan kwamfuta ke koyon wace alama ke tafiya da wane hali, sannan ta ƙiyasta darajar kifin da ba a taɓa ba. Masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, su suka fitar da tsarin a 2001, kuma a shanun madara ya fara bunƙasa. A lura, babu abin da ake cusa wa kifi ko a cire masa. Zaɓe ne kawai, irin na sikeli, amma da ƙarin haske.

To ina gwaji ya yi wa sikeli fintinkau? A halin da ba a iya gani a jikin kifi mai rai. Ba za ka kalli uwa ka san 'ya'yanta za su jure cuta ba. Misalin da aka fi kafa hujja da shi na kifin salmon ne. A 2008 da 2009 masu bincike a Scotland da Norway suka gano cewa wuri guda a ƙwayoyin gadonsa shi ke riƙe da mafi yawan juriyar cutar IPN, mai kashe ƙananan kifi. Aka fara sayar da ƙwan iyayen da aka tantance, rahoton ɓarkewar cutar a Norway ya sauko daga sama da 200 a 2009 zuwa ƙasa da 50 cikin 'yan shekaru. Masu kiwon kawa (wata halittar teku mai ɓawo da ake ci) a Faransa ma, da wata cuta ta soma kashe musu ƙanana daga 2008, juriya suka koma zaɓa. 

Amma a kan girma kaɗai, tarihi yana tare da sikeli da littafin rubutu. Karfasar GIFT, wani ingantaccen iri da aka samar ta hanyar zaɓe, an fara aikinta a Filifin a 1988, da iri takwas, huɗu daga Masar da Ghana da Kenya da Senegal, huɗu daga gonakin Asiya. Da auna nauyi da bin dangi, ba tare da karanta DNA ba, girmanta ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin 100 a zubi biyar. Ba sai mun je nesa ba ma: kazar Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta fitar nan Shika, kusa da Zariya, haƙuri da rubutu da zaɓe shekara bayan shekara suka samar da ita.

Yanzu ga inda muke zaton matsalarka take, kuma a nan ya kamata a daɗe. Tarwaɗa mai kilo ɗaya tana ba da ƙwai dubu 50 zuwa sama, sannan namiji yanka shi ake yi a ciro maniyyi. Wannan ke sa mai ƙyanƙyasa ya yanka namiji ɗaya ya raba wa mata uku, ya cika tankunansa, ya ga kamar ya yi tattali. Akwai lissafi mai sauƙi na gane yadda ƙarancin iyaye ke jawo kusancin jini: ninka adadin maza da na mata, ka ninka da huɗu, ka raba da jimillarsu. Namiji ɗaya da mata uku sun ba ka 3. Kusancin jini kuwa yana ƙaruwa da ɗaya bisa ninki biyu na wannan adadi, wato kusan kashi 17 cikin 100 a zubi guda. Maza 10 da mata 10 suna sauko da shi zuwa kashi 2.5. Maza 25 da mata 25 suna kai shi kashi 1, wanda shi ne abin da masana ke so. In ka yi shekara huɗu kana haɗa wa da ƙanwa, giram 90 ɗin nan da zaɓe ya ba ka kusancin jini ya cinye shi, ya bar maka ƙarancin ƙyanƙyasa da 'ya'ya marasa ƙwari. Gwajin DNA zai iya nuna maka cewa iyayenka 'yan ɗaki ɗaya ne, amma ba zai ƙirƙiro maka sabon jini ba.

Na biyu, shuta. Waɗannan da ke tsere wa 'yan'uwansu tun a makonnin farko, da yawansu sun riga ƙyanƙyashewa ne ko sun fara cin na ƙasa da su. Girman da aka samu da cin ɗan'uwa ba shaida ce ta kyakkyawan gado ba, kuma wanda ya riƙa zaɓen su yana iya zaɓo cin naman juna bai sani ba. A cire su a sayar. Haka gaurayen tarwaɗa da ramboshi: yana girma, yana da kasuwa, amma kada a mayar da shi iyaye, domin 'ya'yansa barkatai suke fitowa. Sannan ba kowane karkataccen baya ne laifin jini ba. Ƙarancin bitamin C a abinci da canjin zafin ruwa lokacin ƙyanƙyasa suna jawo shi, sai a duba waɗannan kafin a zubar da iyaye.

Ta fuskar kayan aiki, sikeli na buƙatar tankuna, ma'auni mai kyau da littafi. Gwaji na buƙatar duk waɗannan, da lambobi da na'urar karanta su, da kuɗin kowane samfuri, da masanin lissafin gado. Kuskurensa ma mai tsada ne: kwalba ta musanya da wata, ko etanol ya tsinke da ruwa a zafin bazara DNA ya lalace, shi ke nan an yi hasashe a kan kifin da ba shi ba. Kuma abin da aka koya a kan wani iri ba ya ɗaukuwa zuwa wani. Kayan gwajin da aka yi wa tarwaɗar Amurka ba za su yi wa tamu ba, danginsu daban. Wannan aikin cibiya ne, irin cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa ko wata jami'a, ko ƙungiyar masu ƙyanƙyasa da ta haɗa ƙarfi, ba na gona ɗaya ba.

A ra'ayinmu, Malam, ajiye kuɗin gwaji ka sayi iyaye. Nemo daga gonaki uku ko huɗu da ba su sayi irinsu wuri ɗaya ba, ka tambaya sosai, domin sau da yawa tushensu ɗaya ne. Yi wa matan allurar Ovaprim, mai sa su saki ƙwai, rabin mililita ga kowane kilo, duka cikin kwana ɗaya ko biyu don kada tazarar shekaru ta ruɗe ka. Kowace mace da namijinta. Ɗebi ƙwai daidai wa daida daga kowacce, misali giram 5, domin kada uwa ɗaya ta cika tanki da 'ya'yanta. Raba su gida huɗu, kowane gida da tankinsa da lambarsa. A wata shida ka auna, ka ɗauki kashi 10 na sama a kowane gida, maza daban mata daban, ka riƙe su har su haura shekara. In ƙyanƙyasa ta zagayo, mazan gida na ɗaya su je wa matan gida na biyu, na biyu su je na uku, na uku na huɗu, na huɗu su dawo na ɗaya.

Ka yi awon a ruwanka da abincinka. Tarwaɗa ta fi son ruwa mai zafin digiri 26 zuwa 30, kuma hunturun Kaduna a Disamba da Janairu yana sauko da shi ƙasa da haka, musamman a tankin tamfol. Kifin da ya yi fice a ɗumin Ibadan ba lallai ya yi fice a nan ba, don haka ka bar zubi ɗaya ya ratsa sanyi kafin ka yanke wa iyayensa hukunci.