Sharhina kan 'yan akwatunan kwamfuta da muka saka a ajin yara a Agege

Jama'a masu makarantu da ke ta tambayata ta WhatsApp yadda akwatunan nan suke mana aiki da ko sun cancanci saye, bari in amsa muku gaba ɗaya a nan. Makarantarmu ta boko da Islamiyya a Agege mun haɗa ɗakin kwamfuta mai kujera 20 da tsarin da masu sana'ar ke kira tin kilayan, wato kwamfuta babba guda ɗaya ce uwa, ita ke yin duk aikin, kowane yaro kuma gabansa monita da kibod da maus sai wani ɗan akwati da aka ɗaure a bayan monitar, kebul ya tafi suwic (na'urar da ke tattara kebul ɗin duka), suwic ya tafi wajen uwar. Shi akwatin ba ya ajiye komai, hoto kawai yake ɗaukowa.

Abin da ya sa muka yi haka jarabawar JAMB ce, tun 2015 jarabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma muna da yaran da ba su taɓa riƙe maus ba sai ranar jarabawa. A Computer Village ta Ikeja muka yi sayayya, akwai NComputing akwai HP akwai Dell Wyse, sababbi da tokunbo (na hannu).

Wuta ce babbar ribar gaskiya. Akwati ɗaya wat 5 zuwa 10 yake ci, inda destof ɗaya da kanta za ta iya shan wat 100, to ka lissafa sau 20, a garin da tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kunna janareta ya zama sai an yi shawara. Yanzu inbata da 'yan batura suna riƙe ajin har a tashi. Akwatunan ba fanka a cikinsu, ba ƙara, ba ƙurar da za su zuƙa, ɗakin ma ya rage zafi. Kuma in zan saka manhajar gwajin CBT, wato jarabawar kan kwamfuta, sau ɗaya nake sakawa a uwar kowa ya gani, ba bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ba.

Amma fa duk ƙwanka a kwando ɗaya suke. Ranar da uwar ta tsaya, yara 20 sun zauna suna kallona. Wanda ya haɗa mana da farko ya so ya yi mana arha, ya saka RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) kaɗan da tsohon hard disk, wato ma'ajiyar bayanai, da yara suka buɗe burauza tare sai komai ya dinga ja kamar go-silo ɗin Oshodi, maus ma sai ka motsa shi ka jira. Sai da muka ƙara RAM muka saka SSD, ma'ajiya mai sauri, sannan aka samu lafiya. Kebul ma kar ka yarda da na bogi, irin wanda ake kira Cat6 mai kyau ka saya, suwic kuma mai sauri na gigabit, sannan UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a kan uwar dole ne ba kwalliya ba.

Bidiyo har yanzu yana ɗan sarƙewa in kowa ya kunna YouTube lokaci ɗaya, don haka mai son koyar da zane ko haɗa bidiyo wannan ba nasa ba ne. Sai maganar lasisi, in Windows za ka yi kowace kujera tana da nata kuɗin, ka tambaya tun kafin a yi ciniki, wasu kan koma Linux da LTSP, manhajojin da ke maye gurbin Windows a wannan tsari, don kyauta ne amma sai kana da wanda ya iya shi a kusa.

Don koyon taifin, Word, Excel da gwajin JAMB, ni dai zan sake saye. Rabin kuɗinka ka zuba a uwar da UPS, monita kuwa tokunbo ma ta isa.