Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa: farashi ɗaya ko shiyya-shiyya?

A New York kuɗin shiga ɗaya ne. A 2023 aka mayar da shi dala 2.90, ko tasha biyu za ka yi, ko daga Bronx a arewacin birnin za ka gangara har Coney Island a can kudancinsa. Ka dangwala kati a ƙofar shiga, ƙarfen ya juya, shi ke nan.

Landan kuwa an yanka ta shiyya-shiyya, ta 1 a tsakiyar gari, sauran na kewaye da ita. Za ka dangwala katin biyan kuɗin sufuri na Oyster wajen shiga da wajen fita, na'ura ta lissafa shiyyoyin da ka ratsa, lokacin cunkoso kuma kuɗin ya ƙaru. A ido adalci ne. Amma wa ke zaune can bayan gari? Sau da yawa ma'aikacin da tsadar haya ta kora ne, ga nisa ga tsada.

Don haka na fi karkata ga farashi ɗaya, duk da cewa mai gajeriyar tafiya ke ɗaukar nauyin wani. Faris, babban birnin Faransa, ita ma a Janairun 2025 ta sanya farashi ɗaya na yuro 2.50 har jiragen bayan gari, ban da na filayen jirgin sama.