Gargaɗi ga ƴan Damagaram: mai tallar "ƙarshen Jayce" ɗan damfara ne

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman tsarana da suka yi ƙuruciya a Birni, Zango, Garin Malam da Sabon Gari wajajen 1988 zuwa 1995. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar kayan wasan desen anime na zamaninmu, yana kuma cewa yana da ƙarshen labarin Jayce, ɗaya daga cikin shirye-shiryen, a cikin memwar. Kada ku tura masa ko dala. Ni jika 43 ya ci mini, kuma mu 7 ne muka gano juna a garin nan zuwa yau. Ban sa sunan shafinsa ba domin sau uku yana sauya shi a gabanmu. Salon aikinsa ne ba ya sauyawa, shi zan bayyana muku.

Wanda bai kalli Jayce ba zai yi mamakin yadda magidanci mai iyali zai faɗa wannan rami. A unguwarmu akwai wani zaure da ake nuna bidiyo, dala 5 kuɗin shiga, tabarma a ƙasa, tele ɗaya bisa tebur. Goldorak, shirin ƙaton mutum-mutumin ƙarfen nan, kowa ya san shi, har waɗanda ba su taɓa shiga zauren ba. Jayce kuwa namu ne mu kaɗan. Labarin wani yaro ne da ke yawo a sararin samaniya yana neman mahaifinsa Audric. Yaron na riƙe da rabin wata saiwa, uban na riƙe da ɗaya rabin, kuma sai ranar da aka haɗa su za a gama da Monstroplantes, tsirran nan masu rikiɗa su zama motocin yaƙi, da sarkinsu Diskor. Kaset uku kaɗai mai zauren yake da su, ya yi ta maimaita su har hoton ya soma rawa. Kullum in za mu fita sai mu ce: "Kawu, yaushe za a kawo wanda ya ga babansa?" Sai ya ce wani sati.

Da yawa daga cikinmu a lokacin iyayenmu maza suna ci-rani, wasu a Kano, wasu a Legas, wasu a Libiya. Nawa ya yi shekara huɗu bai zo ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda yaron nan ya iso wata duniya aka ce masa babansa bai daɗe da wucewa ba, sai in ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Kayan wasan kuwa sau ɗaya muka taɓa ganin na gaske. Wani yaro da innarsa ke sayar da gwanjo ya tsinci wata ƴar mota a cikin dila, irin ta shirin, wadda ake cire ƙafafunta da makamanta a sauya musu wuri. Ranar nan ba wanda ya tuna da cin tuwo. Muka zauna muka yi ta kwaikwayonta da gwangwanin tumatir da waya da guntun silifas, kowa ya ƙera tasa. Wannan ƙuruciyar ce mutumin nan ya mayar jari.

Bai fara da talla ba. Kusan wata biyu yana sa hotuna da waƙoƙin buɗe shiri yana tambaya: "Wa ya tuna wannan?" Mu kuma muna ta tofa albarkacin bakinmu, kowa na ba da labarin zauren unguwarsu. Hausarsa irin tamu ce, yana ambaton kasuwar Dole da ranar Alhamis, har ka rantse ɗan gida ne. Daga baya ya ce a Faransa yake zaune, wai ya saye ragowar kayan wani tsohon shago da aka rufe, kuma ya fi son ƴan garinsu su amfana. Ya buɗe zauren WhatsApp ya jera farashi: babban Goldorak jika 25, ɗan tsanan Jayce a kwalinsa na 1985 jika 15, memwar mai kashi na 66 zuwa na 70, inda yaron ya haɗu da ubansa, jika 8.

Na tura jika 23 a ranar, na ɗan tsanan da na memwar. Bayan sati biyu sai ga muryarsa: "Babban yaya, wallahi kayanka sun taso, amma ka san iyakar Binin a rufe take, ta Lome suka biyo, yanzu duwan sun riƙe." Maganar rufe iyaka gaskiya ce, a 2023 aka rufe ta, kowane ɗan kasuwa ya yi kuka da ita, shi ya sa ban yi gardama ba. Na tura jika 12. Bayan kwana goma kuma wai kaya sun iso Yamai, saura kuɗin mota zuwa Zinder, jika 8. Kowane turi da sunan da zai ba ni daban, yau ƙanensa, gobe matar yayansa. Da na ce ya turo hoton takardar da ake bayarwa in an sa kaya a mota, sai ya ce: "Haba yaya, ni za ka zarga?" Washegari ya toshe lambata.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata su farkar da mu tun farko. Zauren nasa shi kaɗai ke iya rubutu a ciki, sai in ya ga dama ya buɗe na ɗan lokaci, don haka ba mai jin kukan ɗan uwansa. Sannan mutum biyu da suka riƙa sa hotunan godiya wai kayansu sun iso, ɗaya ya ce yana Maraɗi, ɗaya ya ce yana Agadas, da muka koma muka duba da kyau sai ga shi bisa tabarma ɗaya aka ɗauki hotunan, shuɗiya mai ƙonewa a gefe guda.

Mutum ɗaya cikinmu ya karɓi saƙo da gaske, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi, domin kafin ya buɗe kwalin ya riga ya sa hotonsa a zauren yana godiya, wasu suka gani suka tura nasu kuɗin. A ciki ya tarar da mutum-mutumin roba irin wanda ake zubawa a faranti a Dole lokacin salla, da memwar mai tsofaffin kashi da aka sauko daga intanet. Wanda aka rubuta wa 66 maimaicin wani ne da muka riga muka haddace.

Ɗan yayata, ɗalibi a Jami'ar André Salifou, shi ya zaunar da ni ya nuna mini gaskiya a wayarsa. Ya sa hotunan kayan da mutumin ke tallatawa a Google Lens, sai ga su nan duka a shafukan gwanjon kaya na Turai, an ɗauko an yanke gefe. Sannan ya karanto mini tarihin shirin. Kamfanin DIC ne ya fitar da shi a 1985, kashi 65 ne cif, kuma an yi shi ne domin tallata motocin wasa na kamfanin Mattel masu suna Wheeled Warriors. An yi niyyar rufe labarin da fim, amma motocin ba su yi kasuwa ba, sai aka fasa. Ke nan babu kashi na 66 a ko'ina a duniya, yaron bai taɓa haɗuwa da ubansa ba. Ɗan tsanan ma ƙarya ne: abin da Mattel ya kai shaguna a lokacin motoci ne masu ƙananan direbobi marasa suna, babu Jayce a cikinsu. Babban Goldorak kuwa, mai tsawon kusan santimita 60, wanda aka sayar a Faransa ƙarshen shekarun 1970, masu tara irin kayan nan suna sayen mai lafiya da ɗaruruwan yuro. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato yuro 100 kaɗai ya haura jika 65. Wa zai ɗauko shi daga Turai ya ba ka a jika 25?

Gaskiya jin cewa labarin ba shi da ƙarshe ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Shekara talatin ina zaton mu ne ba mu samu kaset ɗin ba.

In wani ya yi muku irin wannan talla, ku ce ya kira ku ta bidiyo yana riƙe da kayan, tare da takarda mai sunanku da kwanan watan ranar, ya juya ƙarƙashin abin ku ga tambarin kamfani da shekara. Mai kaya ba ya ƙin wannan. Kada ku biya abans, kada ku biya kuɗin duwan ga wanda ba ku taɓa gani ba. In ya ce yana da ɗan uwa a garin nan, ɗan uwan ya kawo kaya hannu da hannu, ku duba, sannan ku biya.

Waɗanda kuka riga kuka tura, don Allah kada kunya ta rufe muku baki. Mutum biyu sun ce mini ba za su yi magana ba, gudun kada uwargida ko abokan aiki su ji wai sun kashe kuɗi a kan kayan wasan yara. Da wannan shirun yake ci gaba da aikinsa. Ku ajiye resin turin kuɗi, ku ɗauki hoton hirarku da shi, kada ku goge muryoyinsa. Ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma sunayen da ke kan resin sunayen mutane ne da suka je da katin shaida suka karɓi kuɗi. Mu 7 mun haɗa takardunmu, ranar Litinin da safe za mu kai komisariya tare. Duk wanda abin ya shafa ya rubuto mini ta akwatin saƙo kafin ranar.

Jiya da dare wani abokina na Maraɗi ya turo mini hoton wani sabon shafi da aka buɗe. Wannan karon kayan Ulysse 31, wani desen anime na zamaninmu, ake tallatawa, da ɗan jan mutum-mutumin nan Nono a kan jika 10, har mutane sun soma rubuta sunayensu. Na buɗa hoton da yatsu biyu na duba ƙasansa, sai ga shuɗiyar tabarmar nan mai ƙonewa a gefe.