Wata goma sha huɗu da karen gadi: inda kamfanin ya cika alkawari da inda ya gaza

Wata goma sha huɗu ke nan da wani kamfani mai kiwon karnuka da horar da su ya sauke mini karen gadi a gida, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin a makonnin farko ɗoki ba ya barin mutum ya ga aibin abin da ya saya. Abin da ya kai ni wurinsu shi ne an haura katangar maƙwabcina sau biyu cikin wata uku, a karo na biyun ma suna kwance a ɗaki ba su ji ko motsi ba sai da gari ya waye. Na tafi da niyyar zaɓen kare mafi girma da muni, irin wanda ganinsa kaɗai zai sa ɓarawo ya sake shawara.

Mai horarwar bai kai ni wurin karnukan ba sai da ya zaunar da ni ya tambaye ni tsawon katangata, da faɗin tsakar gida, da shekarun yarana, da wanda ke wuni a gida, da yawan masu shiga da fita. Daga nan ya bayyana mini cewa karen gadi iri biyu ne. Akwai mai ankararwa, wanda aikinsa ya ji baƙon motsi ya tashi gida da haushi, akwai kuma mai kamu, wanda aka koya wa riƙe mutum da haƙori idan an umarce shi, da sakinsa idan an ce ya saki. A cewarsa, mai fasa gida shiru da lokaci yake nema, haushi kuwa yana raba shi da duka biyun, don haka irin na farko ya ishi yawancin gidaje. Na girmama shi a kan wannan magana, tun da na biyun ne ya fi kawo musu riba.

Idona ya faɗa kan wani Boerboel, ƙaton karen gonakin Afirka ta Kudu wanda namijinsa kan haura kilo 60, sai ya ce da ni, "Yallaɓai, karen da ba za ka iya janyewa da hannunka ba, bai zama naka ba tukuna." Ya kuma hana ni Malinois na Beljiyam, wanda 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da yawa ke aiki da shi, saboda kare ne da in ba a ba shi aiki kullum ba, zai nemi aikin da kansa a jikin kujeru da tayar mota. Na ɗan yi sha'awar Dobermann, ko don tarihinsa, domin wani mai karɓar haraji ne a garin Apolda na Jamus, Louis Dobermann, ya samar da irin a ƙarshen ƙarni na 19 don ya sami mai raka shi yawon karɓar kuɗi. A ƙarshe muka tsaya a kan karya 'yar wata goma sha takwas, irin German Shepherd, wanda Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus a 1899. Asalin wannan iri na tsaron tumaki ne, kuma har yau ina ganin alamar hakan a yadda take zagaya iyakar gida, da yadda take kasa natsuwa idan yara suka warwatsu.

Abin da ya fi komai daraja a hidimar shi ne zaman miƙa karyar, wanda muka yi sau takwas, huɗu a filinsu huɗu a gidana, kuma suka dage cewa duk babban mutumin da ke kwana a gidan sai ya halarta. A nan na gane cewa mu ake horarwa, ita ta riga ta san aikinta. An koya mana kalmomin umarni kaɗan, zauna, kwanta, tsaya, zo, saki, tare da sharaɗin a faɗi kowace sau ɗaya da murya iri ɗaya, domin karen da aka saba maimaita wa umarni yakan koyi jiran na uku. Sun fi daɗewa a kan "zo" da "saki", kuma dalilin ya bayyana ranar da ƙwallon yaran maƙwabta ya faɗo ciki, wani yaro ya ɗare katanga ya diro don ya ɗauka. Ta yi kansa da gudu, uwargidana ta kira ta sau ɗaya daga bakin taga, ta ja birki ta juyo. Da ba a horar da mai kiran ba, da yau wani labarin nake bayarwa, kuma alhakin cizon a wuyana zai rataya. Sun kuma hana mu ɗaure ta da sarƙa ta wuni, suna cewa ɗauri na dindindin yana ƙara wa kare tsoro da zafin rai, ba ya ƙara masa iya gadi, sannan suka ba mu takunkumi don ranakun da masu gyara ke aiki a gida, da allon gargaɗi na maƙalawa a ƙofa.

Game da gadin kansa, ba ni da ƙorafi. Kare yana jin sautin da ya zarce iyakar kunnen mutum nesa ba kusa ba, hancinsa kuma yana da ƙwayoyin jin wari fiye da miliyan 200, alhali na mutum kimanin miliyan 6 ne. Cikin 'yan makonni na iya rarrabe haushin da take yi wa kyanwa da wanda take yi wa mutum, na biyun ya fi kauri kuma gurnani ke gabansa. Sau ɗaya na ji irinsa da tsakar dare ta bayan gida, da safe kuma muka tarar an jingina wani katako a katangar ta waje. Sai dai kada mai saye ya manta cewa kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a yini, kuma tsawa da ruwa mai ƙarfi suna rage masa ji, saboda haka ban cire fitilun waje ko makullan ƙofa ba.

Inda suka wuce gona da iri shi ne batun guba. Sanannen abu ne cewa ɓarayi kan jefo nama mai guba ta kan katanga, kuma an tabbatar mini an horar da ita ƙin duk abin da bai fito daga kwanonta ba. A wata na biyu na sa ƙanena ya jefo tsoka mai kyau daga waje don gwaji, ta sansana, ta dube ni, ta haɗiye. Da na kai ƙara, sai a lokacin aka gaya mini cewa wannan horo yana dusashewa in ba a sabunta shi ba, maganar da ya kamata a faɗa tun kafin a karɓi kuɗi. Haka nan tallarsu tana cewa horonsu na matakin duniya ne, amma da na nemi shaidar jarrabawar IGP, wadda ake gwada kare a bin sawu da biyayya da kariya, babu wanda ya iya nuna mini takarda.

Ɓangaren lafiya ma rabi da rabi ne. Katin riga-kafinta cikakke ne, da allurar haukan kare da ta cutar parvo mai kashe 'yan kwikwiyo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne game da cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi ta cizon kare. Amma ta zo da kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu, a mako na uku ta kwanta da zazzaɓi ta ƙi abinci, kuma kwana biyu na yi ina kiran lambar da suka ba ni kafin a ɗauka. Likitan dabbobin da na nemo da kaina ne ya gano cutar da kaska ke sakawa a jini ya yi mata magani. Shi ne kuma ya tambaye ni hoton ƙashin ƙugun iyayenta, tun da gurɗewar ƙugu ta gado ta yi yawa a wannan iri, ga shi kamfanin bai taɓa ambata ba.

Zan iya tura mutum wurinsu idan yana da fili, yana da awa guda a kullum ta zagayawa da karen da maimaita umarni, kuma ya shirya ɗaukar nauyin dabbar da za ta iya kai shekara goma ko fiye. Ya nemi a rubuta masa zaman sabunta horo a cikin yarjejeniya, ya kai karen wurin likitan da ya zaɓa da kansa a makon farko, ya kuma gwada batun naman tun kafin ya biya. Ni dai na sabunta yarjejeniyata da mai horarwar, yana zuwa sau ɗaya a wata, amma lafiyarta na bar ta a hannun likitan da ya ɗauki wayata a daren da ta kwanta.