Wanke tsohon tanki ko sayen sabo: amsa ga mai Kasea

Ɗan'uwa mai tsohuwar moto Kasea da mai ke ƙin sauka, ka ce a wanke tanki ko a sayi sabo. Wanke shi.

Tawa moton wajen baffana na gaje ta. Shekara biyu ta yi jingine a zaure da ɗan guntun esansi a ciki, kuma wannan zaman ne ya cuce ta, don tankin da bai cika ba gumi yake yi daga ciki, balle da damina, ruwan ya kwanta ƙasa yana cin ƙarfe. Ta kai ni Tibiri lafiya lau, a dawowa ta kama tari. Na murɗa robine, makunnin mai na ƙasan tanki, zuwa rezab, wato man ajiya, sai ta mutu murus. Ashe rezab daga gindin tanki yake sha, inda duk tsatsar ta taru.

Wani dattijon bakanike a unguwarmu, Allah ya saka masa, bai taɓa karburato ba tukuna. Ya zare tiyo ya sa a kwalba, ya buɗe robine, mai na ɗigowa ɗis ɗis. Ya cire murfin tanki ya sake kallo, don wani sa'in ƴar kafar iskar murfin ce ƙura ke toshewa. Fara da wannan, ko dala ba zai ci maka ba. Nawa ba nan matsalar take ba: da ya kwance robine, ragar da ke kansa ta toshe da jar laka.

Muka sauke tankin, ya zuba gazuwal kaɗan da noti cikin tafi biyu. Sai da ya ƙirga su, kada ɗaya ya maƙale. Ni da ƙanena muka yi ta girgiza, in na gaji ya karɓa, tun azahar har la'asar. Sannan binegar ya kwana biyu a ciki, aka ɗauraye da ruwan bikarbonat, aka shanya a rana. Ranar da ya bushe aka cika shi da esansi, don ƙarfen da aka kankare ba ya jimawa yake sake tsatsa. Bakaniken ya wanke karburato, ya sa ƙaramin filtir na roba a tiyo. Yanzu Madarunfa nake zuwa da ita in dawo, ko atishawa ba ta yi.

Sabon tanki kuwa na taɓa saya wa yaron da ke mini kabu-kabu. Yana riƙe mai, iyakar yabonsa ke nan. Ƙarfen kamar gwangwanin madara, ramukan noti ma sai da aka faɗaɗa su. Sai in naka ya huje a wurin ɗinki bayan wanki za ka nemi irinsa.

In ta kai ga saye, buɗe ido a kasuwa. Akwai masu liƙe huji da gam, su fesa fenti, su rantse maka sabo ne. Haska tocila ciki, ka shafa gindin da hannu, in ka ji tudu-tudu ajiye musu kayansu. Kada kuma ka yarda a kai wutar walda kusa da tankin da ke warin esansi. In wajen ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai bakin hanya, kake shan mai, sa su tace maka da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari.